Yadda Motar Soja Ta Zama Motar Fatauci A Birnin Kano

Tun zamanin da, arzikin birnin Kano a kan ƙafa ya ke tafiya: ƙafar jaki, da ta raƙumi, da ta takarkari, da ta ɗan adam mai ɗaukar kaya a ka. Fatake su kan tashi daga Kurmi da baƙin yadi na rini da kanwa da fatu, su nufi Gwanja, su yi wata da watanni kafin su komo da goro. Cikin wannan sha'ani duka ba safai a ke bukatar takarda ba. In mutum ya sayi jaki, dillali da shaidu biyu sun wadatar. In jakin ya ɓace aka gan shi hannun wani, sai a tafi gaban alƙali, a kawo waɗanda suka san shi, magana ta ƙare.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kuma tun daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Amma jirgi hanya guda gare shi, ba ya ratse. An kai reshensa Ƙauran Namoda cikin 1929, an kai wani Nguru cikin 1930, duk da haka Katsina da Daura da Kazaure da Damagaram da Maraɗi ba su ga dogo ba. Manomin da ke can sai ya ɗora wa jaki. Akwai motoci kam kafin yaƙi, amma galibinsu na kamfanonin Turawa ne, da na Kwarori, da na En'e, da na sarakuna, sai kuwa 'yan tsirarun attajirai. Talaka ba ya ko mafarkin mallakar babbar mota.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya sauya wannan al'amari. Ya bar motoci masu araha, ya bar mutane da suka iya tuƙa su. Sai dai motar ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo da takardu a bayanta, kuma waɗanda suka ci moriyarta sosai su ne waɗanda suka gane takardun nan.

Inda Motocin Suka Fito

An soma yaƙi cikin 1939, aka gama cikin 1945. Yaƙi ne na injuna, kowace runduna tana bukatar abin da zai ɗauki abincinta da harsashinta da man fetur ɗinta. Saboda haka masana'antun Ingila da Amurka da Kanada suka bar ƙera motocin shiga na alfarma, suka koma ƙera na soja dare da rana. Kamfanin Vauxhall da ke garin Luton a Ingila ya ƙera motocin Bedford wajen 250,000. Cikinsu akwai wadda a ke kira QL, mai ɗaukar tan 3, wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja, an yi fiye da 50,000 irinta. A Kanada kamfanonin Ford da Chevrolet suka haɗu a kan fasali guda, suka yi ta fid da wata mota mai gajeren hanci, gilashin gabanta a karkace don kada hasken rana ya tona ta ga jirgin abokan gaba. Amurka kuwa ta ƙera GMC mai jan ƙafa shida fiye da 500,000, ban da Dodge da sauransu.

Kano ba ta ga faɗa ba, amma ta ga kayan faɗa. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a nan, to, daga 1940 sai garin ya zama zango babba. A kan kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wadda yau a ke kira Gana, a harhaɗa su, su taso ta Ikko su sauka Kano, daga nan sai Maiduguri da Fallomi da Fashir da Hartum har Alƙahira. Kowane zango yana bukatar mai da kayan gyara, kuma mota ce ke kai su. Hanyar Barno ta sha ayarin motocin soja masu kai kaya ga Faransawan da ke yaƙi daga ƙasar Cadi.

Samarin Arewa dubbai suka shiga soja. An kai su Habasha cikin 1941, sa'an nan runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ƙetare zuwa Indiya da Bama cikin 1943 da 1944. Ba duka ne suka riƙe bindiga kaɗai ba. Da yawa an koya musu tuƙi, waɗansu kanikanci, waɗansu walda, waɗansu kuma sun koyo karatun boko da ɗan Turanci a bariki. Yaron da ya bar gida bai san kome ba sai fartanya, ya komo yana iya kwance inji ya mai da shi.

A gida kuwa sufuri ya shiga wani hali. Da Japan ta ci Malaya cikin 1942, roba ta yi wuya, taya ta zama kamar zinariya, fetur sai da takardar izini, sabuwar mota ba ta shigowa sai ta gwamnati. Ingila kuma ta matsa lamba a noma gyaɗa, don ta rasa man da ta ke samu daga Gabas mai nisa. Da aka gama yaƙi, reluwe ta gaji, kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi kaɗan. Gyaɗa ta yi ta taruwa a Kano tana jiran jirgi, a kan jera buhu wajen 15,000 a dala guda. Ga kaya ya yi yawa, ga abin ɗauka ya ƙaranta, ga direbobi sun komo ba aiki, ga kuma motocin da soja ba su da sauran bukatarsu. Abu huɗu ke nan suka gamu a lokaci guda.

Ranar Gwanjo

Mu ƙaddara ga wani tsohon soja ɗan Yakasai. Yakasai unguwa ce cikin ganuwa, wajen gabas da gidan Sarki, kusa da Shahuci, ba ta da nisa da Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa. Ya komo da lambar yabo da takardar sallama da 'yan kuɗin da ya tara. Kuɗin nan ba su isa mota ba, ko da ta gwanjo ce. Sai ya bi hanyar da fatake suka saba tun da: ya nemi uban gida mai jari, wannan ya kawo kuɗi, shi ya kawo ƙarfi da sani, in an sami riba a raba yadda aka yi alkawari. Wani kuma 'yan'uwa ne za su haɗa, a sai da gona, ko uwa ta fid da abin da ta ɓoye. Watau abin da za a ɗora a kan motar nan, wani lokaci dukiyar gida ce gaba ɗaya.

Cinikin gwanjo ya saɓa wa cinikin da ya sani. A kasuwa, in ka sayi doki ka tarar yana da aibin da aka ɓoye maka, shari'a ta ba ka ikon mai da shi. A gwanjon gwamnati babu wannan. Yadda ka ga mota haka ka saye ta, in an buga guduma ta zama taka, da ita da ciwonta. Ga su nan a jere cikin fili, duk launi ɗaya, wata ta yi aiki kaɗan, wata kuwa ta sha gargada har ƙashin bayanta ya tsage. A nan ne sanin da ya samo a soja ya ke yi masa rana. Zai shiga ƙarƙashinta ya duba ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko akwai tsaga ko tsohuwar walda. Zai zaro ma'aunin baƙin mai ya ga ko ruwa ya gauraya da shi. Zai duba tayoyi, domin a lokacin tayoyi masu kyau suna da daraja ƙwarai a idon mai saye. Masu dabara in suna da hali su kan sayi biyu iri ɗaya, guda ta yi aiki, guda a ajiye a riƙa cire mata kaya, gama ba kullum a ke samun kayan gyaran motar soja a kanti ba.

Akwai kuma abin da zai auna tun kafin ya ɗaga hannu. An ƙera motocin nan don su ratsa yashi da taɓo, ba don su yi tsimin mai ba. Soja ba ya lissafin galan, ɗan kasuwa kuwa dole ya yi. Mai jan ƙafa huɗu ta fi ƙarfi a mugunyar hanya, amma ta fi shan fetur, kuma kayan cikinta sun fi yawa, abin lalacewa ya fi yawa ke nan. Har wa yau akwai maganar sitiyari. A zamanin nan hannun hagu a ke bi a Nijeriya kamar Ingila, saboda haka Bedford da motocin Kanada, masu sitiyari a dama, sun dace da hanya. Na Amurka sitiyarinsu a hagu ya ke, direba ba ya ganin gabansa sosai in zai wuce wata mota, sai ya dogara ga yaronsa. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Da ya biya, sai a ba shi takardar sayarwa. Wannan ita ce takarda ta fari, kuma ita ce uwar sauran. Motar soja ba ta da lamba irin ta farar hula, lambar runduna gare ta, kuma kayan gwamnatin Ingila a kan buga musu wata alama mai kamar kan kibiya. Wanda aka kama da kayan soja ba shi da shaidar saye, ɓarawo ne a idon doka. Kowace mota tana da lambobi biyu da aka buga a jikin ƙarfe tun daga masana'anta, ɗaya a inji, ɗaya a ƙashin baya. Waɗannan su ne sunanta na yanka. Wajibi ne abin da ke rubuce a takarda ya yi daidai da abin da ke jikin ƙarfe, harafi da harafi. In akawu ya yi kuskuren lamba guda, mai mota kuma bai iya karatu ba balle ya gani, to, ya ɗauki wahalar da za ta bi shi ofis ofis.

Daga Bariki Zuwa Tasha

Babbar mota ba ta shiga lungunan Yakasai. An yi lungunan nan don mutum da jaki da doki, ƙofofin gari ma da ƙyar su ke karɓar mota, shi ya sa aka huda ganuwa aka yi Sabuwar Ƙofa cikin 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kuma yi ta faɗaɗa waɗansu daga baya. Saboda haka motar mutuminmu a fili za ta kwana, bakin babbar hanya, karen mota na kwance cikinta yana gadi.

Kafin ta fara neman kuɗi sai an sake mata kama. A kai ta wurin kafinta ya cire akwatin soja, ya gina mata bodi na katako mai tsawo, da benci da a ke jerawa in fasinja za a ɗauka, a kwashe in buhuna ne. A shafe launin soja da alamunsa. Mai fenti ya zana mata furanni, ya rubuta wata kalma ta wa'azi ko ta godiya ga Allah a goshinta. Ta haka sana'o'i suka tsiro a gindin mota guda: kafintan bodi, da mai facin taya, da mai gyaran batir, da maƙerin da a da ke yin fartanya, yanzu ya koma ƙera abin da ya karye a ƙarƙashin mota.

Sa'an nan a kai ta gaban ma'aikacin gwamnati mai duba motoci. Zai gwada birki da fitilu da ƙaho da sitiyari, a auna nauyinta, a yanke mata iyakar kayan da za ta ɗauka da yawan mutanen da za su hau, a rubuta a jikinta. Wannan awo yana da muhimmanci ƙwarai, domin kuɗin da za a biya gwamnati yana bin nauyin mota, kuma kowane buhu da aka ɗora bayan iyaka laifi ne. Buhun ɓararriyar gyaɗa wajen 13 ke yin tan guda, watau mota mai tan 3 lodinta bai wuce buhu 40 ba. Amma mai mota yana ganin ƙarfen soja ne, sai ya ƙara, ya kuma ɗora mutane bisa buhunan. Irin wannan lodi ya kan jawo haɗari a hanyoyin nan.

Maganar Inshora

Cikin takardun duka, ta inshora ce ta fi ba mutane mamaki, gama ita ce a ke biyan kuɗi ba a ga abin da aka saya ba. Ingila ta tilasta ta a kan masu mota cikin 1930. A Nijeriya an kafa dokarta cikin 1945, ta soma aiki ran 1 ga Afrilu 1950. Kafin wannan an yi sabuwar dokar hanya cikin 1947, wadda ta tsara rajista da lasin. Ashe ke nan motocin soja da dokokin mota kusan tare suka shigo hannun jama'a.

Ga abin da dokar ta ce a taƙaice. Kada kowa ya hau hanya da mota, ko ya bar wani ya hau da ita, sai akwai kamfanin da ya ɗauki lamunin biyan diyya in motar ta kashe mutum ko ta yi masa rauni. Mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka buge shi ne na uku, kuma dominsa aka yi dokar. Fasinjan da ya biya kuɗin mota yana ciki. Wanda ya ƙi, akwai tara mai nauyi ko ɗauri, a kuma hana shi tuƙi. To, a lura: wannan inshora ba ta biyan mai mota kome in motarsa ta wargaje. Mai son a biya shi motarsa sai ya sayi wata mai tsada, kamfanoni kuwa ba su cika son ɗaukar nauyin tsohuwar motar yaƙi ba.

Abin da dokar ke nufi ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta fiƙihu. A mazhabar Maliku, in mutum ya kashe wani bisa kuskure, diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma ba a ɗora wa mai kuskuren shi kaɗai. A kan raba ta a kan danginsa na wajen uba, waɗanda a ke kira aƙila, su biya sannu a hankali, don kada jinin mamaci ya tafi a banza, kada kuma mutum guda ya talauce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma jaki bai taɓa kashe mutum ashirin a tashi ɗaya ba, mota kuwa in ta kife da fasinja tana iyawa. Wane dangi ne zai iya wannan? Sai aka mai da dukan masu mota kamar dangi guda, kowa ya zuba kaɗan a shekara, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya daga abin da aka tara.

Duk da haka malamai da yawa ba su natsu da ita ba, kuma suna da hujja. Suka ce ciniki ne na abin da ba a san ko zai auku ba, ya yi kama da caca, ga shi kuma kamfani yana juya kuɗin ta hanyar riba. Waɗansu suka ce tun da hukuma ta tilasta, lalura ce, laifi ba ya kan mai mota. Wannan muhawara ta daɗe. Daga baya malaman ƙasashen Musulmi suka fito da tsarin da a ke kira takaful, inda abin da kowa ya zuba gudummawa ce ta taimakon juna, in an sami rara a mai da wa masu zubi. An fara shi a Sudan cikin 1979, hukumar inshora ta Nijeriya kuma ta fid da ƙa'idodinsa cikin 2013.

A zamanin mutuminmu dai babu wannan zaɓi. Kamfanonin na Turawa ne. Royal Exchange ta buɗe reshe a Ikko cikin 1921, kamfani na 'yan ƙasa kuwa bai samu ba sai daga baya. A Kano sai ya fita gari ya tafi wajen kantuna, wurin wakilin kamfani, a miƙo masa takardar tambayoyi da Turanci. Wace irin mota ce? Shekararta nawa? Wa zai tuƙa, yana da lasin? Kayanka za ka ɗauka ko na haya? Mutum nawa? In bai iya karatu ba, sai ya biya mai rubuta wasiƙa ya cika masa, shi kuma ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Ƙa'idar inshora kuwa ita ce gaskiya tsantsa. In aka rubuta motar kayan kansa za ta ɗauka don kuɗin su yi sauƙi, ran da ta faɗi da fasinja kamfani na iya cewa ba haka aka yi da shi ba. Ran nan ne mota da gona da gida su ke tafiya tare. Haka kuma in wa'adin takarda ya ƙare jiya, haɗari ya auku yau, daidai ya ke da wanda bai taɓa biya ba. Mutum ya iya karanta kwanan wata kurum, ya tsare kansa daga wannan.

Rajista Da Lasin

Da takardar saye da ta dubawa da ta inshora a hannu, sai ofishin lasin. A nan akawu zai buɗe babban littafi ya shigar da sunan mai mota, da unguwarsa, da irin motar, da launinta, da nauyinta, da lambobin nan biyu na jikin ƙarfe. A ba ta lamba, haruffan farko suna nuna inda aka yi mata rajista. A liƙa lambar gaba da baya. A biya kuɗin hanya, a karɓi 'yar takardar da a ke mannawa a gilashi don ɗan sanda ya gani. Rajista sau ɗaya a ke yi, amma lasin da inshora sai an riƙa sabuntawa. Direba kuma da nasa lasin dabam, ko da ya tuƙa mota a dajin Bama.

A wurin nan ne rigima ta kan ɓuya. Sunan wa za a rubuta, na uban gida mai jari, ko na tsohon soja mai tuƙi? A unguwa kowa ya san tasu ce su biyu, amma littafin gwamnati wanda aka rubuta kaɗai ya sani. Muddin ana zaman lafiya ba kome. Ran da ɗaya ya rasu aka zo rabon gado, ko suka ɓata, sai a ga bambancin shaidar baki da ta takarda. Haka nan in an sai da mota ba a je an sake suna ba, duk ɓarnar da ta yi a hannun sabon mai ita, ƙofar tsohon za a fara ƙwanƙwasawa. Jama'ar da ta saba ƙulla ciniki da musafaha da fatiha, sai ta tarar akwai wani mashaidi da ba ya mantuwa, ba ya kuma jin kunyar kowa.

Abin Da Motocin Suka Haifar

Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya sami abin yi. Tafiyar Katsina, mil ɗari da 'yan kai, da ta kan ci kwanaki a ƙafa, ta koma ta yini guda. Abin da jakuna arba'in za su ɗauka, mota guda ta kwashe. Da kaka a yi ta jigilar gyaɗa daga ƙauyuka zuwa ma'auni da bakin dogo, har daga Damagaram da Maraɗi, a komo da gishiri da kananzir da atamfa da goro. Cikin 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa mai yanke farashi tun farkon kaka, saboda haka mai mota yana iya yin lissafinsa. Da damina kuwa aiki ya kan ja baya, gama hanyoyin jar ƙasa ne, in an yi ruwa a kan sa shinge a tsare manyan motoci sai ƙasa ta sha iska.

Tsarin ayari bai mutu ba, kama ya sake. Zango ya zama tasha, irin Tashar Kuka a Fagge. Direba ya gaji wani abu na girman madugu. Yaron da a da zai kora jakuna ya zama karen mota: shi ke murɗa ƙarfen tayar da inji, shi ke dirowa da weji in an tsaya a hawa, shi ke ɗaure kaya, har ran da maigidansa zai ce ya isa ya je gwajin lasin. Ɗan kamasho kuma ya ɗauki aikin dillali.

Har hanyar Makka ta ji a jikinta. Cikin 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da a ke kira WAPA, suna kai maniyyata da manyan motoci ta Barno da Cadi zuwa Sudan, kusan hanyar da jiragen yaƙi suka bi ta sama. Tafiyar da kakanni su kan yi shekaru a kanta ta ragu ainun. Sunan ƙungiyar ya bi wurin da ofishinta ya ke a Fagge, har yau Wapa a ke ce da shi.

Ƙarshen Zamaninsu

Ƙarfe ma yana tsufa. Cikin shekarun 1950 sababbin motoci suka soma shigowa, kamfanoni suna ba da su bashi a biya wata wata. Daga 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa. Masu shan gas, irin Mercedes, suka kori masu shan fetur, domin sun fi tsimi, sun fi ɗaukar kaya. Dogo ya kai Maiduguri cikin 1964. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, sitiyarin da ya dace jiya ya zama na baibai. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗa. Motocin yaƙi suka ƙare a hannun 'yan gwangwan da maƙera, aka yi tukwane da garemani da jikinsu.

Takardun kuwa sun fi ƙarfen daɗewa. An kafa hukumar kiyaye haɗari ta ƙasa cikin 1988. An sake fasalin lambobi, mai mota a Yakasai ya sami haruffan KMC na ƙaramar hukumar Birni. Daga 1 ga Janairu 2023 kuɗin inshorar dole na ƙaramar motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, cikin 2025 kuma aka haɗa tsohuwar dokar 1945 da 'yan'uwanta cikin sabuwar doka guda. Littafin akawu ya koma cikin kwamfuta, amma tambayoyinsa ba su sake ba: daga ina ka samo ta, lambobin jikinta sun yi daidai da na takarda, lafiyarta ƙalau, wa zai biya in ta taɓa wani, sunan wa aka rubuta?

Jikokin tsohon sojan nan na Yakasai in sun tashi sayen mota a gwanjon hukuma, ko a hannun dillali, waɗannan tambayoyi biyar za su amsa. Kakansu ya amsa su da yatsa a tawada, yana fatan mai rubutu ya ji tsoron Allah. Su kuwa suna iya zama su karanta kowane layi da idonsu kafin su sa hannu, kuma ya kamata su yi haka tun kuɗi ba su bar aljihu ba, gama ba a fafe gora ran tafiya.